Dambun Naman da Na Kai Holan

Tun da na dawo daga Holan ƙofar gidana ba ta huta ba. Matan layinmu na Unguwar Mu'azu, 'yan ajinmu na Islamiyya, har tsofaffin abokan aikina na masaƙa a Kakuri, tambayar kowa ɗaya ce: "Hajiya Rabi, yaya ƙasar Turawa?" Sai in ce lafiya lau, ga tsabta, ga kekuna kamar fari. Wannan amsar ta sallamar baƙo ce. Yau dai na ce bari in zauna in faɗi yadda aka yi, har da wurin da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Wankan jego ne ya kai ni. Autata Sadiya tana can tare da mijinta, wanda ya tafi ƙaro karatu a kan lafiyar dabbobi. Ba na kama sunansa, Malam nake ce masa, don haka a nan ma Malam ne. Haihuwar fari ce, ba dangi kusa, sai suka yi ta fama da takardu har aka ba ni biza ta wata uku.

Ina da 'yan tumakina bakwai a bayan gida. Saura kwana biyar in tashi, ɗaya ta ƙi dusa, ta koma gefe tana dalalar da miyau tana ɗingishi. Maƙwabciyata Maman Giresi, mutuniyar Zonkwa, wadda za ta riƙe mini su in na tafi, ta leƙo ta kan katanga.

"Hajiya, wannan ba za ta kai jibi ba. A kira mahauci tun da sauran ranta."

Haka muke yi, kowa ya sani. Aka yanka, na rarraba wa maƙwabta, cinyoyin kuma na yi dambun nama da su. Alhali Malam ya riga ya ja mini kunne a waya: "Umma, don Allah ban da nama, ban da man shanu, ban da madara. Dokarsu a kan wannan ba wasa." Na ce masa to. A raina kuwa na ce, wane irin jego ne babu naman gida? Na ƙulle dambun a leda uku, na binne shi a tsakiyar robar garin kunun kanwa, na danne murfi.

Da hantsi muka kama hanyar Abuja a motar haya. Har Kakau ana hira, wani na ba da labarin yadda masara ta yi kyau bana. Muna wuce nan motar ta yi tsit, kowa ya san dajin da ke gaba. Direba ya kashe rediyo, wata mata kusa da ni ta zaro carbi, wani saurayi a gaba ya buɗe Littafi Mai Tsarki a wayarsa. A wani wuri muka hango motoci sun yi cirko-cirko, direba ya taka birki har goshina ya bugi kujera. Ashe tirelar shanu ce ta faɗi. Muka ratse ta gefe, hankali bai kwanta ba sai da muka ga gidajen Tafa.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je aikin Hajji. Amma can muna da jagora da 'yan uwa ɗari, nan kuwa ni kaɗai ce da takardar da Sadiya ta rubuto mini. A Istambul, inda ake sauya jirgi, na bi wani ayari na ɗauka su ma Holan za su, sai da na yi tafiya kamar daga Tudun Wada zuwa Barnawa kafin wata 'yar Gana mai goyo ta duba tikitina ta juyo da ni. Da ƙyar muka samu jirgin.

Inda gabana ya fara faɗuwa na gaske shi ne wurin 'yan kwastan na Holan. Na tura kayana zan wuce, wani dogon ma'aikaci ya ɗaga mini hannu. Ya sa na ɗora babbar jakar a kan tebur, ya zuge. Kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, kanwa, kowanne sai ya ɗaga ya juya. Da ɗan Turancin da na tsinta a masaƙa nake ba shi amsa. Sai ya dube ni ido cikin ido ya tambaya ko akwai nama ko madara.

Na ce babu. Da wannan bakin nawa da nake salla da shi.

Ya jawo robar garin, ya ɓalle murfi, ya leƙa. Ina jin zufa tana bin bayana a cikin hijabi. Yana shirin sa yatsa, sai ɗaya hannunsa ya kwance ƙullin daddawa. Bawan Allah ya ja da baya yana tari, abokin aikinsa na dariya. Ya mayar da murfi, ya zuge jaka, ya nuna mini ƙofa. A lokacin murna na yi, har ina cewa daddawa ta yi mini rana.

Su Sadiya ba a birni suke ba. Wani ɗan sashe suke haya a jikin gidan gona, wurin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kowa na ce mata Oma, wato kaka da yarensu. Doguwa ce, gashi fari fat, kullum cikin takalmin roba, ita kaɗai take kula da tumaki sittin da biyu. Tumakin nan gajeru ne masu faɗin baya, ga gashi kamar katifa. Gonakin ba shinge, sai magudanan ruwa ne suka raba na wane da na wane. Na je da rigunan sanyi na gwanjo har uku daga Kasuwar Barci, na tarar ana zafi. Oma ta ce wa Malam tun tasowarta ba ta saba ganin ɗumi ya kai wannan watan ba. Da la'asar kuma wasu ƙananan ƙwari ke tasowa daga bakin ruwa, ba su kai rabin sauro ba, sai dai ka ji ƙaiƙayi a wuya.

Na tarar da jikata kwana huɗu a duniya. Abin mamaki a ƙasar nan ba ya ƙarewa. Barka sai an yi waya an sa rana da sa'a, mutum biyu su zo, a ba su shayi da wani busasshen biskit da aka barbaɗa wa 'yan ƙwayoyin zaƙi, su yi minti arba'in su tashi. Na tuna haihuwar Sadiya, da sai da aka ari tabarmi a gida uku. Abincin ranarsu burodi ne da cuku mai sanyi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kullum duba mai jego, ranar da ta ga tururin ruwan da na dafa sai ta riƙe baki, muka yi ta ja-in-ja, Sadiya na tsakiya tana fassara tana rage wa kowa zafin maganarsa. A ƙarshe muka shirya a kan in riƙa sirkawa. Na kunna turaren wuta sau ɗaya, wata na'ura a silin ta ɗauki ihu har Oma ta shigo a guje da abin kashe gobara. Ga zama da suruki a gida mai banɗaki ɗaya da matakala kamar tsani. In ya ji motsina sai ya maƙale a ɗaki, in na ji nasa sai in maƙale a kicin, wani lokacin mu yi rabin sa'a kowa na jiran kowa.

Dambun kuwa sai Malam ya fita nake fito da shi. Sadiya ta zaro ido ranar farko, amma ta ci, har da lumshe ido. Da muka cinye leda biyu, na wanke kwanon da maiƙonsa da ɓurɓushinsa, na fita ta ƙofar baya na watsa ruwan a magudanar da ke bayan kicin, yadda na saba a gida. Tumakin Oma suna shan ruwa a wurin. Na gan su, ban kawo komai a raina ba.

Bayan kwana shida, da safe ina shanya kayan jaririya, na hangi wata tunkiya ta ware daga garke. Kanta a ƙasa, miyau na zuba kamar zare. Da ta motsa sai na ga tana taka ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Zanen da ke hannuna ya faɗi. Wallahi kamar tawa ce ta Unguwar Mu'azu aka ɗauko aka ajiye a gabana.

Kafin azahar sun zama huɗu. Oma da Malam suka kora su cikin rumfa. Na bi su daga nesa na leƙa: leɓɓa sun kumbura, hanci na yoyo, cikin baki duk gyambo. Malam ya dawo gida fuskarsa ba walwala, na ji yana gaya wa Sadiya a kicin.

"An kira likita. Abu biyu ake tsoro. Akwai wata cuta da ƙwari ke yaɗawa, ta ɓulla a wasu gonaki kwanan nan. Akwai kuma ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke ce wa boru. Alamunsu na kama da juna. In na biyun ne, mun shiga uku."

"Kamar yaya?" in ji Sadiya.

"Za a kashe duk dabbar da ke gonar nan, da na maƙwabta, masu lafiya da marasa lafiya. Shi ya sa suke hana shigo da nama. A cikin nama yake tsallako ƙasa."

Ina kan matakala da jaririya a kafaɗa. Na zauna a wurin. Sadiya ta fito, muka haɗa ido, ta gane na ji. Muka shiga ɗaki na gaya mata sauran: tunkiyar da aka yanka ba lafiyayya ba ce, kuma ruwan wankin kwano a magudana na zuba.

"Innalillahi. Umma!" Ta dafe kai. "Karatunsa, takardunmu, komai fa a hannun mutanen nan yake."

"To ki yi shiru. Sauran leda ɗaya ce, in jefa a shara, wa ya gani?"

Ba ta yi shiru ba. Bayan sallar azahar na ji sallamarsa a bakin ƙofa. Bai shigo ba, ya durƙusa a waje, kansa a sunkuye.

"Umma, Sadiya ta gaya mini. A ganina cutar ƙwarin ce, ba naman ba. Amma gani na ba hujja ba ne. Dole in gaya wa likita, don su san abin da za su fara nema."

Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba. Ranar na yi. Na ce, "Malam, ni uwar matarka ce. A gaban Turawa za ka tona mini asiri? Ka bari sakamako ya fito mana. In ba shi ba ne, shi ke nan, Allah ya rufa."

"In kuma shi ne, Umma, kwana biyun da muka yi shiru motar madara ta zaga gonaki goma. Ki yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Ya tashi ya sauka. Ta taga na gan shi ya nufi rumfa da ledar dambuna a hannu.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Sadiya ba, cikin farar riga ta leda tun daga wuya har ƙafa. Aka kira ni. Na tsaya a gabanta kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa, tana tambaya Malam na fassara: yaushe aka yanka, me tunkiyar ta yi kafin nan, yaya aka dafa naman, awa nawa a wuta, ina na zuba ruwan. Ba ta ɗaga murya ba, rubutu kawai take yi. Ta sa ledar a wata jaka ta liƙe. Oma na tsaye a gefe, hannuwa a aljihu. Da Malam ya gama yi mata bayani, ta dube ni. Matar da kullum da safe take ɗaga mini hannu, wadda ta saƙa wa jikata hula. Sai ta shiga rumfa ta jawo ƙofa.

Aka ɗebi jinin tumakin, aka rufe gonar. Aka ajiye bahon maganin tsoma takalmi a bakin ƙofa, aka hana dabba fita, mu ma aka ce mu zauna. Kwana biyu muka yi a haka. Abinci ya ƙi shiga. Ruwan nonon Sadiya ma ya ja baya, jaririya ta yi ta tsala kuka. Duk motar da ta rage gudu a titi sai in ce 'yan sanda ne. Ta taga ina kallon shanun maƙwabci, baƙi da fari, sun fi ɗari suna kiwo hankali kwance, ina cewa a raina duk waɗannan a wuyana za su mutu saboda cinyar tunkiya biyu. Na kira Maman Giresi na tambaye ta sauran tumakina.

"Lafiyarsu ƙalau, har sun fi ƙiba. Hajiya, me ya samu muryarki?"

Na ce mura ce.

Rana ta uku da hantsi likitar ta dawo. Tun daga yadda ta fito mota ba farar rigar leda, Malam ya ce, "Alhamdu lillahi." Ba boru ba ne. Cutar ƙwarin ce, wadda suke kira shuɗin harshe, don wani lokaci harshen dabbar kan rine. Ta ce a gaya mini ba ta bin nama, ba ta bin ruwa, ba ta kama mutum. Ƙananan ƙwarin nan na la'asar su ke cizon marar lafiya su kai wa mai lafiya, iska kuma na iya kwasarsu ta kai nesa.

Na ce a tambaye ta, to daga ina ta zo musu?

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce lokacin da malamanta ke karatu, a babin cututtukan ƙasashe masu zafi ake koyar da ita, irin namu. Yanzu ɗumi na daɗewa, sanyi na makara, ƙwarin na samun kwanakin da da ba su samu. Yadda wannan ta shigo kuwa, har yanzu ba wanda ya tabbatar. Malam ya ƙara mini da cewa a wurinmu cutar ta daɗe, sai dai tumakinmu sun saba da ita, da wuya ta kayar da su kamar waɗannan. Sannan likitar ta juyo gare ni, ta ce wannan karon ba ni ba ce, amma da wata cutar ce tunkiyata ta yi, da zai iya zama ni. Daga baya aka aiko da takardar gargaɗi da sunana. Tana nan cikin akwatina.

Na ɗauka da fitowar sakamako an huta, ashe lokacin aka fara. Ba maganin da ke kashe cutar, rigakafin irin wannan ɗin kuma bai samu ba tukuna, sai allurar rage zafi da jinya. Kullum safiya sai an samu sababbi biyu ko uku. Kwana biyu bayan nan na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Oma ce, idanunta sun faɗa, da bokiti biyu. Ta miƙo mini ɗaya, ta ajiye takalmin roba a gabana, ta juya. Na zura na bi ta.

Mako biyar muka yi a rumfar nan, ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Bakin tumakin ya yi gyambon da ba sa iya tsinkar ciyawa. Na nuna mata yadda muke dama dusa da ruwan ɗumi ta yi ruwa-ruwa kamar kunu, a ɗaga haɓa a ɗura a hankali ta gefen baki. Ita kuma ta kafa manyan fankoki, don ƙwarin ba sa iya tashi cikin iska. Na ce a yi hayaƙi yadda Fulani ke yi wa shanu da yamma, ta nuna mini tarin busasshiyar ciyawa har rufi, ta girgiza kai. Sadiya ta riƙa tsokanata wai jegon tumaki na zo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne mutuwarsu. In tunkiya ta kai inda ba dawowa, ba a kiran mahauci. Likita ce ke zuwa ta yi mata allura. Oma za ta zauna a ƙasa ta ɗora kan a cinyarta, tana kiran sunanta, don kowace da sunanta, har numfashi ya tsaya. Sai a ja gawar bakin titi a kife ta da wani babban murfi, mota ta zo ta ɗauka. Wata safiya na leƙa titin, kusan kowace ƙofar gona da irin murfin nan. Goma sha takwas Oma ta rasa. Sai da sanyi ya sauka sosai, ƙwarin suka ɗauke, sannan abin ya lafa. Ranar da zan taho ta riƙe hannuna da nata biyu ta daɗe, ta yi magana mai tsawo. Ban nemi a fassara mini ba.

Shi kuwa Malam, tun ranar da ya fita da ledar nan ban sake sakar masa fuska ba. Ya gaishe ni in amsa a taƙaice. Ya sayo mini abu in ce a ajiye. Na san gaskiyarsa ce, amma sanin gaskiya daban, haɗiye ta daban. Shi ya kai ni filin jirgi, Sadiya na gida da yarinya saboda sanyi. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Ya auna mini kaya, ya karɓo tikiti, ya raka ni har inda ba a barin mai rakiya ya wuce.

Nan, a tsakiyar mutane, Turawa na ratsawa da akwatuna ta hagu da dama, sai ya zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Umma, ki yafe mini. Na san na ɓata miki."

Wani ma'aikaci ya matso yana tambaya ko ba shi da lafiya ne. Mutane suka fara tsayawa. Na ji kunya ta rufe ni.

Na ce, "Tashi, Malam, ana kallonmu."

"Sai kin ce kin yafe."

"Ni ce mai neman yafiya. Da ka biye mini ranar nan, da yau zan hau jirgin nan ina tunanin a hannun wa na bar 'yata. Tashi. Allah ya yi maka albarka."

Ya miƙe yana share hawaye da hannun riga. Na karɓi jakata na shiga layi, ban waiwaya ba, don kada ya ga nawa.